Kundin aiki: auna zafin siyasa a wayoyin Zangon Kumasi

14 ga Agusta 2024

Yau ne kamfanin Meta ya rufe CrowdTangle, manhajar da masu bincike da 'yan jarida suka daɗe suna bibiyar shafukan Facebook da ita, kuma da ita na ƙulla niyyar tattara mafi yawan bayanan wannan aiki. Tun watan Maris aka sanar da rufewar, saboda haka ba ba-zata ba ce, sai dai ta zo saura ƙasa da wata huɗu a yi babban zaɓen Ghana na 7 ga Disamba. Kafin wannan, a farkon 2023, Twitter ya daina bayar da bayanansa kyauta, kuma kuɗin da ake nema yanzu ya fi ƙarfin ɗalibi.

Na buɗe kundin nan ne domin in riƙa ajiye abin da aka yi da dalilin yin sa. Tambayar binciken ita ce: shin hirar siyasa da ake yi da Hausa a wayoyin mutanen unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba na Kumasi tana raba kawunansu ne, ko kuwa tana bayyana rabuwar da ta riga ta kasance, kuma ta yaya kwamfuta za ta iya auna hakan? Wurin ya dace da tambayar. Jihar Ashanti, inda Kumasi yake, gidan jam'iyyar NPP ce mai alamar giwa, domin a zaɓen 2020 ta ci kujerun majalisa 42 cikin 47 na jihar, amma mazaɓar Asawase tana hannun jam'iyyar NDC mai alamar laima, kuma Mohammed Mubarak Muntaka yake wakiltarta tun 2005. Ga shi kuma bana NPP ta tsayar da Dakta Mahamudu Bawumia, Musulmi ɗan Walewale, domin ya kara da John Dramani Mahama na NDC, ɗan Bole, wanda Zango ta daɗe tana zaɓar jam'iyyarsa. Mutumin da ya saba dangwala wa laima yau ana ce masa ga ɗan'uwansa na salla a kan giwa.

2 ga Satumba 2024

Bayan mako biyu ina zagayawa, na gane cewa rufe CrowdTangle bai yi mini ɓarnar da na zata ba, domin gardamar Zango ba a fili take ba. Tana cikin zaurukan WhatsApp: na tsofaffin ɗaliban makarantar allo guda, na dangi, na direbobin pragya (babur mai ƙafa uku), na matan adashe, da na samarin da ke zama a bes suna dafa ataya har tsakar dare. Waɗannan zaurukan a rufe suke, kuma saƙonnin cikinsu ba mai iya karantawa sai 'yan ciki, saboda haka hanya ɗaya ce ta halal, wato a nemi izini.

Dokar kare bayanan mutane ta 2012, wadda aka fi sani da doka ta 843, ta wajabta a sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa kuma ya yarda. Na fassara takardar neman yarda zuwa Hausa, na kuma karanta ta da murya na aika, domin da yawa ba su karanta boko da sauri. Ka'idar da na kafa ita ce ko mutum ɗaya ya ƙi a zaure, to ba zan ɗauki komai daga zauren ba. Wannan ya sa na rasa zaurukan da suka fi zafi, kuma dole in faɗi hakan a rahoto, domin waɗanda suka fi jin tsoron a ga maganarsu wataƙila su ne suka fi faɗin abin da nake nema. Wani dattijo da ke shugabantar zauren danginsa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, gwamnati ce ta aiko ka ko jam'iyya?" Da na ce ba ko ɗaya, sai ya ce to wa zai ci ribar aikin. Na ba shi amsar da na iya, ya ce in dawo bayan Juma'a, kuma da na koma ya yarda.

Kafin saƙo ya shiga ma'ajiyar aiki, wata 'yar manhaja da na rubuta tana goge lambobin waya da sunaye, ta maye gurbin kowane mutum da lamba.

23 ga Satumba 2024

Matsalar harshe ta fito tun ranar farko da na gwada samfuran kwamfuta masu sarrafa harshe da ake da su. AfriBERTa, wanda aka fitar a 2021, da AfroXLMR na 2022 duk sun san Hausa, kuma tarin saƙonnin NaijaSenti da aka yi wa alamar yabo ko suka ya ƙunshi Hausa mai yawa. Amma Hausar da suka koya ta labarai ce da ta masu rubutu a Twitter daga Najeriya. Hausar Kumasi kuwa ta bi tata hanyar. Ba ta cika bambanta namiji da mace ba, ana iya cewa "Hajiya ya zo" ba wanda zai ɗaga ido. "Kyau" yakan zama "cau". Haruffa masu ƙugiya ba a rubuta su a waya. Kuma jimla guda tana iya farawa da Hausa, ta ratsa ta Twi, harshen mutanen Ashanti, ta ƙare da Turanci. Wasu ma suna rubuta Hausar da ka'idar rubutun Turanci, har kalma ɗaya ta fito da siffa biyar ko shida a zaure ɗaya.

Na fara da niyyar mayar da komai zuwa daidaitacciyar Hausa kafin a ba na'ura, sai na fasa a rabin hanya. Dalili shi ne sauya harshen kansa bayani ne. Na lura cewa mutum yakan yi zancen farashin siminti da faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, da Turanci, ya yi ba'a da Twi, amma idan magana ta taɓa mutunci ko addini sai ya koma Hausa tsantsa. Idan na goge wannan, na goge alamar da ta fi nuna inda zuciya ta motsa. Yanzu ina ajiye siffa biyu na kowane saƙo, ta asali da wadda aka gyara, tare da alamar inda harshe ya sauya.

19 ga Oktoba 2024

Wannan shi ne mako mafi amfani tun da aka fara, ko da yake a kan takarda ya yi kama da faɗuwa. Mu uku muke yi wa saƙonni alama: ni, da wata malamar makarantar Islamiyya haifaffiyar Aboabo, da wani ɗalibi da ya taso a arewacin Najeriya ya zo karatu. Kowa yana karanta saƙo shi kaɗai, ya sanya shi a ɗaya daga rukuni huɗu: bayani, goyon baya, suka, ko cin mutunci. Daga nan sai a lissafa ma'aunin kappa na Cohen, wanda yake nuna yawan daidaituwar masu alama biyu bayan an cire abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. A rukuni uku na farko mun yi kusa da juna. A rukunin cin mutunci kuwa ma'aunin ya faɗi ƙasa ƙwarai, har na fara zargin kuskure ne a lissafina.

Da muka zauna muka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, sai dalili ya bayyana. Akwai saƙonnin da mutum yake kiran wani bawansa, ko ya ce kakansa ne ya sayo kakan wancan, ko ya ce duk kabilarsu ba mai hankalin da zai iya zaɓe. Ɗalibin ya sa musu alamar cin mutunci, na'urar ma haka ta yi. Malamar ta yi dariya ta ce: "Malam, ai waɗannan abokan wasa ne." Ɗalibin ya san wasan Fulani da Barebari da na Kanawa da Zazzagawa, amma bai san cewa a nan akwai na Dagomba da Mossi, da na Dagaaba da Frafra ba, kuma Zangon Kumasi ta tara dukkan waɗannan a lungu ɗaya. Tsakanin abokan wasa, zagin da ya fi muni a ido shi ne shaidar cewa zumunci yana nan, kuma sau da yawa da shi ake kashe wutar gardamar jam'iyya idan ta fara ruruwa.

Ɗaya ɓangaren ya fi tayar mini da hankali. Akwai saƙonnin da na'ura ta sa a rukunin bayani ko ma goyon baya saboda suna cike da sunan Allah da kalmomin addu'a, alhali duk wanda ya tashi cikin harshen ya san sun fi zagi ciwo. "Allah ya isa" ba ya ɗauke da ko kalma ɗaya da ke cikin jerin kalmomin batsa, amma wanda aka faɗa wa ya san an kai ƙararsa inda ba a ɗaukaka ƙara. "Allah ya shirye ka" daga bakin uwa addu'a ce, daga bakin abokin gardama kuwa hukunci ne cewa ka ɓace. Ga kuma habaici, inda ba a ambaci suna ba, a ce wasu sun sayar da lahirarsu da buhun shinkafa, kowa a zauren ya san da wa ake, na'ura kuwa ta ga zancen abinci.

Ke nan kuskuren na'urar ba a warwatse yake ba, gefe guda ya karkata: tana ƙara yawan gaba inda ake wasa, tana rage ta inda ake gaba da gaske. Da na amince da alƙalumanta yadda suka fito, da na rubuta cewa zauren samarin bes ya fi kowane zafi, na dattawa kuma ya fi kowane lumana, kuma da na yi ƙarya sau biyu. Mun sake tsarin alamar. An ƙara rukunin wasa da rukunin habaici, kuma daga yau ba a yi wa saƙo alama shi kaɗai, sai an karanta biyar da suka gabace shi da biyar da suka biyo baya. Aikin zai ninka, amma gaggawa aikin shaiɗan ce.

9 ga Nuwamba 2024

Saƙonnin murya sun fi na rubutu yawa a zaurukan mata da na dattawa. Domin mayar da su rubutu, na gwada Whisper na kamfanin OpenAI da kuma samfurin MMS na Meta, wanda aka ce ya shafi harsuna sama da 1,100. Idan mai magana yana cikin ɗaki kuma Hausarsa ta kusa da ta rediyo, ana samun abin da za a iya gyarawa. Idan kuwa daga kasuwar Kejetia aka aiko, da ƙarar trotro, motocin haya, a baya da Twi a tsakiya, gyaran ya fi sake rubutawa wahala. Mun koma rubutawa da hannu, muna zaɓar wasu saƙonni daga kowane zaure. Wuta ta ɗauke sau biyu a makon nan tana tsakiyar horar da samfuri, saboda haka yanzu yana ajiye inda ya tsaya bayan kowane zagaye.

24 ga Nuwamba 2024

Na zana taswirar hulɗa ta farko: kowane mutum ɗigo ne, kowace amsa da ya ba wani layi ce tsakaninsu. Na yi amfani da hanyar Louvain ta 2008, wadda take neman gungun mutanen da suka fi hulɗa da juna fiye da na waje. Duk wanda ya karanta wannan fanni ya san hoton da Adamic da Glance suka fitar a 2005 game da shafukan siyasar Amurka a zaɓen 2004, dunƙule biyu, ja da shuɗi, da 'yan zaruruwa kaɗan a tsakani. Na yi tsammanin ganin ƙaramin irinsa, sai gungun da suka fito suka bi unguwa, shekaru da masallaci, kuma kusan kowane gungu yana da 'yan laima da 'yan giwa a cikinsa. Dalilin a fili yake: ba jam'iyya ce ta haɗa waɗannan zaurukan ba, suna ne da biki da jana'iza, kuma mutumin da kuka yi cacar baki da shi da safe a kan harajin tura kuɗi ta waya da aka sa a 2022, shi ne zai riƙe ɗaya gefen makara da la'asar.

Wannan ya sa na sake duba binciken da Christopher Bail da abokan aikinsa suka buga a 2018, inda aka biya masu amfani da Twitter a Amurka su bi wani asusu mai kawo musu ra'ayin ɗaya ɓangaren har wata guda, kuma 'yan Republican suka fito sun ƙara tsauri. Darasin da aka ɗauka shi ne jin muryar abokin hamayya ba lalle ya sassauta mutum ba. Amma a can baƙo ne yake magana da baƙo. A Aboabo wanda kake ji ɗan kawunka ne ko mijin yayarka, kuma ba ka da damar toshe shi ba tare da an kira ka gaban manya ba.

Na kuma gwada tambayar da Iyengar da abokan aikinsa suka shahara da ita a 2012 wajen auna ƙiyayyar jam'iyya, wato ko mutum zai ji haushi idan ɗansa ko 'yarsa ta auri ɗan wata jam'iyya. Wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce a aure salla ake tambaya da asali da sana'a, wa ya taɓa tambayar laima ko giwa. Tambayar ba ta auna komai a nan, kuma na cire ta.

Sai dai akwai wuri guda da wasa yake ɗaukewa gaba ɗaya, kuma yanzu da muka gyara alama ya fito sarai: duk inda aka taɓo zancen waye ɗan ƙasa. Kalmar "baƙo" kaɗai tana iya juya zaure. Wannan yana da tarihi. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Abrefa Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana, kuma a Zango akwai gidajen da aka raba a lokacin, wasu aka tafi ba a dawo ba. NPP ta fito ne daga zuriyar siyasar Danquah, Busia da Dombo, saboda haka 'yan NDC suna tayar da 1969 duk lokacin da gardama ta yi tsanani, su haɗa da rajistar masu zaɓe ta 2020, lokacin da wanda ba shi da fasfo ko katin ɗan ƙasa sai mutum biyu sun tsaya masa. 'Yan NPP kuma suna mayar da martani da Alhaji Aliu Mahama, Musulmin farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, da asusun raya Zango da aka kafa a zamanin Akufo-Addo. Wani dattijo ɗaya ne kawai na ga ya tuna musu cewa a 1957 gwamnatin Nkrumah ce ta kori Alhaji Amadu Baba, wani jagoran Musulmin Zango, daga wannan gari na Kumasi, lokacin da jam'iyyar Musulmi ta wancan zamani take tare da 'yan adawa. Ba wanda ya amsa masa, ina jin domin maganar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi ba.

8 ga Disamba 2024

An yi zaɓe jiya Asabar. Yau da safe, tun hukumar zaɓe ba ta bayyana sakamako ba, Dakta Bawumia ya fito ya amince da shan kaye, ya ce ya kira Mahama ya taya shi murna. A daren jiya zaurukan sun cika da hotunan takardun sakamako na rumfuna, na gaske da na bogi a gauraye, da saƙonnin murya masu cewa a fito a tsare ƙuri'a. Bayan jawabin nasa wannan nau'in saƙo ya ragu cikin sa'o'i kaɗan, abin da ya maye gurbinsa kuwa shi ne tsokana. Na rubuta lokacin jawabin daidai, domin shi ne iyaka mafi tsabta da zan samu a duk bayanan, inda za a iya kwatanta kafin da bayan.

12 ga Janairu 2025

Hukumar zaɓe ta bayyana sakamako ranar 9 ga Disamba, Mahama da fiye da kashi 56 cikin 100, Bawumia da fiye da kashi 41, kuma an rantsar da sabuwar gwamnati ranar 7 ga wannan wata. Abin da ya ɗauke hankalina a waɗannan makonni shi ne abin da ba a rubuta ba. Duk ma'aunan da na gina suna ƙirga magana ne, amma malamar da muke aiki tare ta nuna mini cewa a nan fushi na gaske shiru ne. Wanda ya saba gaishe da zaure kowace asuba ya daina. Wanda ya saba cewa amin a kan kowace addu'a ya tsallake ta mutum ɗaya. Wani kuma ya fita daga zauren ba sallama, abin da a idon dattawa ya fi zagi. Na ƙara ma'auni biyu: yawan kwanakin da mutum ya yi bai amsa wa wani takamaimai ba idan aka kwatanta da al'adarsa ta da, da kuma fita daga zaure. Akwai haɗari a nan, domin shiru yana iya zama rashin kuɗin data, ko lalacewar waya, ko tafiya. Saboda haka ba zan ƙirga shiru a matsayin gaba ba sai idan mutumin yana magana da wasu a zauren a daidai kwanakin da ya yi wa ɗaya shiru.

9 ga Maris 2025

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan tarawihi. Zaurukan sun cika da tafsiri da sanarwar buɗa-baki, siyasa ta ja baya, kuma wannan ya ba ni abin da ban da shi a da, wato lokacin kwanciyar hankali da zan kwatanta watannin kamfe da shi. Wasu daga cikin waɗanda suka fita a Disamba an mayar da su, galibi ta hannun wani babba da ya sa baki, kuma ina rubuta kowace dawowa da wanda ya jawo ta.

An sake horar da samfurin da sabbin alamomin. Ya fara gane wasa idan aka ba shi saƙonnin da ke kewaye, musamman idan ɗaya ɓangaren ya rama da dariya. Habaici har yanzu yana wuce shi, kuma ina shakkar ƙarin bayanai kaɗai za su magance hakan, domin ma'anar habaici tana wajen saƙon, a cikin abin da 'yan zauren suka sani game da juna. Na yanke shawarar cewa a rahoto zan bayar da alƙaluman habaici daga alamar hannu kawai.

Dattijon da ya tambaye ni wa zai ci ribar aikin ya aiko a tuna mini alkawarin da na yi, cewa zan kawo sakamakon da Hausa kafin in kai shi ko'ina. Mun tsayar da Asabar ta biyu bayan Salla, a zauren gidansa, kuma ya ce in zo da malamar domin mata su ji daga bakinta. Kafin ranar akwai saƙonnin murya na makon zaɓe da ba a gama rubutawa ba, sannan zan sake lissafin kappa a kan rukunin wasa da na habaici daban-daban.